Ranar Da Malama Ta Ce "Ka Karya Ƙafa"

Kwanakin baya ina zaune a shagon wani ƙanena mai tura wa mutane finafinai a waya, sai ya kunna wani fim ɗin Amurka da aka yi wa fassarar Hausa, irin wanda ake jin Turancin ƙasa-ƙasa a bayan muryar mai fassara. Aka zo wurin da wata yarinya za ta hau dandamali ta yi waƙa, gabanta yana ta faɗuwa. Mahaifinta ya dafa kafaɗarta ya ce mata, "Break a leg." Mai fassara bai yi wata-wata ba, ya buɗe murya ya ce, "Je ki, Allah Ya sa ki karye!"

Samarin da ke shagon suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kai jama'a, Turawa ba su da imani! Uba da 'yar cikinsa?" Ni kam ban yi dariya ba. Hulata na ɗauka na fice, domin kalmomin nan uku sun fama mini wani tsohon miki da ya haura shekara talatin bai warke ba. Yau na ga ya kamata in amayar da abin, ko na samu sauƙi, ko kuma wani ya tsira daga irin kuskuren da na tafka.

A farkon shekarun 1990 ina aji biyar a wata makarantar sakandare ta kwana. Lokacin fim ɗin Hausa na bidiyo rarrafe yake yi, don a 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. Gwanayenmu a lokacin 'yan wasan talabijin ne, su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, kuma kowane yaro a ɗakin kwananmu yana da wanda yake kwaikwayo idan an kashe fitila. Ana cikin haka aka turo mana wata 'yar bautar ƙasa daga Kudu, wadda ta karanci wasan kwaikwayo a jami'a. A gabanta Malama muke ce mata, a bayan idonta kuwa Kofa. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" da "nawa ne" ba. Ita ce ta farfaɗo da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar, wadda ta daɗe da mutuwa. Da kuɗin alawus ɗinta take saya mana hoda da gawayi da ƙyallayen da muke ɗinka kayan wasa. Da yake ni ne nake cinye jarrabawar Turanci a ajinmu, sai na zama tafintanta. Wallahi har wani taku na musamman na ƙirƙiro saboda wannan muƙami.

Muka shirya wasa domin ranar raba kyaututtuka, ranar da iyaye suke cika makaranta. Labarin wani ɓarawon akuya ne da ya yi shigar malamai ya sauka a gidan mai unguwa. Babban aminina, wanda gadonsa yake saman nawa, shi ne ɓarawon, kuma duk makarantar an san babu na biyunsa. Idan ya karkace baki ya yi tafiyar nan tasa ta munafunci, har shugaban makaranta sai ya riƙe ciki. Dandamalinmu teburan ɗakin cin abinci ne aka jera aka shimfiɗa tabarmi a kai, labulenmu kuwa zannuwan gado.

Saura kaɗan a buɗe labule Malama ta tara mu a baya. Ta gyara wa abokina rawani, ta dube shi tana murmushi, ta ɗaga masa babban yatsa ta ce, "Break a leg!"

Ya juyo gare ni ya ce, "Kai, me ta ce?"

Na ce, "Wai ka karya ƙafa."

Ya ce, "A'uzubillahi! Ni? Me na yi mata?"

Kafin in ba shi amsa an ja labule. Fitowa ta farko ta tafi lafiya, mutane suna ta tafi. A fitowa ta biyu akwai inda asirin ɓarawo zai tonu, ya daka tsalle ya tsallake dogari. Ya yi tsallen kuwa, amma da ya dira sai tebura biyu suka rabu a ƙarƙashin tabarma, ƙafarsa ta dama ta zurma a tsakani, jikinsa ya tafi gaba. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena. 'Yan kallo suka ɗauka cikin wasan ne, suka yi ta dariya, sai da suka ga bai tashi ba. Ƙwauri ya karye. Ranar a gidan mai ɗori ya kwana.

Kakarsa ta zo daga ƙauye washegari. Tsohuwa ce mai kaifin ido. Ta kira ni gefe ta ce, "Ɗan nan, kai ne abokinsa. Faɗa mini tsakaninka da Allah, yaya aka yi?"

Na ce, "Iya, ni dai abin da na sani, kafin ya hau malamarmu ta ce masa ya karya ƙafa. A gabana ta faɗa, tana dariya."

Tsohuwa ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce, "Shi ke nan. Baki ne."

Magana zarar bunu ce. Kafin magariba labari ya gama makaranta, kafin Juma'a ya gama gari. Kofa ta koma Mayya. Yara suka daina zama a layin gaba idan ta shigo aji. Mai ƙosan bakin ƙofa ta riƙa kawar da kai idan ta hango ta. Malama ta sayi lemo da gwangwanin madara ta tafi duba maras lafiya, aka tare ta a zaure aka ce barci yake yi. Sau uku tana zuwa, sau uku yana barci. Rannan ta tsayar da ni a bayan ɗakin karatu, idonta ya yi ja, ta tambaye ni da Turanci ko ta yi wa wani laifi ne, me ya sa kowa yake gudunta. Ni da na fi kowa sanin dalili na sunkuyar da kai na ce, "Babu komai, Malama." Ta ƙarasa watanninta a takure, ta tafi ba ko sallama. Ƙungiyar wasa ta sake mutuwa. Abokina ya warke, amma mahaifinsa ya rantse ba zai sake hawa dandamali ba, kuma bai sake ba.

Sai bayan shekara huɗu, ina jami'a, na je kallon wani wasa da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo suka shirya. Na leƙa bayan fage wurin wani ɗan ajinmu, sai na ji malaminsu, dattijo mai furfura, ya dubi ɗalibai kusan ashirin ya ce musu, "Break a leg, all of you." Suka amsa da murna, wasu har da tsalle. Jikina ya yi sanyi. Da gari ya waye na tafi laburare na buɗe babban ƙamus. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: magana ce da ake faɗa wa ɗan wasa kafin ya fita gaban jama'a, ma'anarta Allah Ya ba da sa'a. Na daɗe a zaune ina kallon layin nan. Ashe addu'a baiwar Allah ta yi masa, irin wadda aka koya mata a makarantarsu, ni kuma na juya ta ta koma tsinuwa.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan magana, kamar mai neman wanda zai raba laifi da shi. Ga abin da na samo.

'Yan wasan dandamali a Ingila da Amurka mutane ne masu camfi ƙwarai. A wurinsu, ka ce wa ɗan wasa "good luck" kafin ya fita, ka jawo masa tsiya ke nan. Suna ganin idan aka ambaci alheri a fili, wani abu zai ji ya zo ya ɓata shi, saboda haka sai a ambaci sharri domin a ɓatar da sawu. Camfinsu bai tsaya nan ba. Ba sa kiran sunan wasan Macbeth na Shakespeare a cikin gidan wasa, sai dai su ce "wasan nan na Sukotilan". Ba sa yin fito a bayan fage. To a cikin wannan dangi ne "break a leg" ta fito. Daga baya ta bar gidan wasa ta shiga gari. Yau Bature zai faɗa wa mawaƙi, ko mai zuwa gwajin shiga fim, ko mai gabatar da jawabi a taro, har da mai zuwa ganawar neman aiki. Sharaɗin dai shi ne mutum zai tsaya a gaban wasu ya nuna abin da ya iya, kuma kafin ya fara ake faɗa, ba a faɗa bayan an gama. Ba a faɗa wa maras lafiya da za a shiga da shi tiyata, kuma mai hankali ba zai faɗa wa wanda zai hau babur ba. Amsarta "na gode" ce kawai. Akwai ma wani barkwanci da 'yan fim suke yi a kai: kalmar "cast" a Turanci tana nufin jerin 'yan wasan da aka zaɓa, tana kuma nufin filastar da ake ɗaure karaya da ita a asibiti. Wai shi ya sa ake ce wa mai zuwa gwaji ya karya ƙafa, don ya samu shiga "cast".

Game da asalinta kuwa, kowa da tatsuniyarsa. Wasu sun ce daga John Wilkes Booth ne, ɗan wasan da ya harbi Shugaba Abraham Lincoln a gidan wasa na Ford da ke Washington ranar 14 ga Afrilu, 1865, ya diro daga bene zuwa dandamali, ya gudu da karyayyar ƙafa. Labarin yana da daɗin ji, sai dai an yi fiye da shekara hamsin bayan wannan kafin maganar ta ɓulla a rubuce, kuma da wuya a ga yadda mai kisan kai zai zama abin yi wa mutum fata. Wasu sun ce dogayen labulen da ke gefen dandamali "legs" ake kiransu, saboda haka wanda ya keta su ya fito fili ya samu shiga wasa ke nan, za a biya shi. Wasu kuma sun ce lanƙwasa gwiwa ake nufi, irin rusunawar da ɗan wasa yake yi idan tafi ya yi yawa.

Abin da yake a rubuce shi ne, a 1921 wani marubuci ɗan Ailan mai suna Robert Lynd ya yi maƙala a mujallar New Statesman a kan camfi, inda ya nuna cewa a wurin masu sukuwar dawaki yi wa mutum fatan sa'a mugun abu ne, gara a yi masa fatan karaya. A 1939 kuma marubuciyar Amurka Edna Ferber ta kawo zancen a littafin tarihin rayuwarta, A Peculiar Treasure, tana ba da labarin 'yan wasan ko-ta-kwana da suke zaune a baya suna fatan manyan taurari su karye domin su samu shiga.

Bayanin da ya fi kwanta mini, kuma masana harshe da yawa suka fi karkata gare shi, shi ne wanda ya bi ta Jamus. Jamusawa suna da "Hals- und Beinbruch", wato karayar wuya da ƙafa, kuma matuƙa jiragen yaƙinsu suna faɗa wa juna haka tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana ganin su ma gurguwar fahimta ce ta ba su ita. Yahudawan Turai masu magana da harshen Yidish suna da addu'ar da suke yi wa juna, "hatslokhe un brokhe", ma'ana nasara da albarka. Kunnen Bajamushe ya ji wani abu mai kama da wuya da karaya, sai ya maimaita abin da ya ji. Daga nan Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, waɗanda da yawansu suka shiga harkar dandamali a New York da harkar fim a Hollywood, suka tafi da ita, aka mayar da ita Turanci. Mai karatu, dubi kalmar nan "brokhe" da kyau. Daga Ibrananci take, kuma tushenta ɗaya da "baraka" ta Larabci, wadda mu muka aro muke cewa albarka da barka. Idan wannan bayani ya tabbata, to abin da Malama ta faɗa wa abokina, in aka bi shi har gida, sa albarka ne. Wani ya ji albarka ya fassara ta da karaya tun kafin a haifi kakana, ni kuma na zo na maimaita aikinsa a bayan zanen gado.

Kuma ba masu Turanci kaɗai ke wannan ɓad-da-sawu ba. Bafaranshe zai ce wa ɗan wasa "merde", wato kashi, ku gafarce ni. Masu ba da labari suna cewa a zamanin keken doki, yawan kashin dawaki a ƙofar gidan wasa shi ne alamar an yi cikar kwari. Mutanen Italiya suna cewa "in bocca al lupo", wato a bakin kyarkeci, shi kuma ya amsa da cewa kyarkecin ya mutu. Mutanen Rasha suna yi wa mai shiga jarrabawa irin fatan da ake yi wa maharbi, kada ya samo ko gashi ko fiffike, shi kuma ya ce musu su tafi wurin shaiɗan.

Kafin mu ce Turawa ba su da imani, kamar yadda saurayin nan na shago ya ce, mu leƙa cikin gidanmu. Matar da take wabi, 'ya'yanta suna mutuwa suna ƙanana, idan ta sake haihuwa wane suna ake laƙaba wa jaririn? Ajuji, ko Ayashe, ko Abarshi. A ce da ɗan da aka fi so a duniya na juji ne, a nuna kamar ba a damu da shi ba, don kada mutuwa ta waiwayo shi. Kaka za ta ɗauki jikanta sabon haihuwa, zuciyarta fal da murna, ta ce, "Wannan mummunan mijin nawa, wa zai so shi?" Uwa ba ta son a yaba ƙibar ɗanta ba tare da an ce tubarkalla ba, don tsoron kambun baka. Mu 'yan kallo kuma, idan jarumi ya burge mu a fim, me muke cewa? "Kai, shegen yaron nan ya iya wasa!" Ko a ce, "Ai wance ta kashe fim ɗin nan." A kawo tafinta irina ya juya wa baƙo waɗannan kalma da kalma, ai sai baƙon ya kira 'yan sanda. Kullum safiya muna karya kumallo ba mu taɓa jin ƙarar karayarsa ba. Muna cin kasuwa, muna shan iska, muna jan ƙafa a kan aiki. Shi kuwa Bature idan ya ce yana jan ƙafarka, "pulling your leg", zolayarka yake yi. Ƙafa ɗaya, ja ɗaya, ma'ana ta raba hanya.

Wato tsoron da ya sa kakar abokina ta ce "baki ne" shi ne dai tsoron da ya haifi maganar da Malama ta faɗa. Su biyun sun yarda baki yana da dafi, kuma su biyun yaron suke son karewa. Da an samu tafinta na kirki a tsakaninsu, da wataƙila tsohuwar nan ta sa wa Malama albarka ta ba ta ƙwan zabi. Sai aka samu ni, mai Turancin cin jarrabawa, wanda ya san ma'anar "break", ya san ma'anar "leg", ya ɗauka ya gama sani. Wanda bai ji Turanci ko kaɗan ba zai yi tambaya. Mai rabin sani ba ya tambaya, kuma shi ake yarda da shi.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana masu fassara finafinai, da masu rubuta Turanci a ƙasan finafinanmu na Hausa, da marubutanmu masu sa jaruman littafi suna jefa Turanci a zance, mu ji tsoron Allah a kan maganar mutane. Mun sha ganin an juya "ranka ya daɗe" ko "ya ci amanata" zuwa wani Turanci da ko mai shi ba zai gane ba, mu yi dariya mu wuce. Idan ka ga magana ta yi hannun riga da fuskar mai faɗinta, uba yana murmushi yana dafa 'yarsa amma kalmominsa suna cewa ta karye, to dakata, akwai abin da ya wuce ka. Tambayi wanda ya fi ka, ko ka duba ƙamus, yanzu ma a cikin wayarka yake. Abin da mutum yake nufi ake fassarawa. Fassarar "break a leg" ita ce "Allah Ya ba da sa'a", kuma ni ban ce mu ari tasu mu yar da tamu ba. Tamu ta ishe mu, ta ma fi daɗi a baki.

Saura abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har shi abokin nawa, wanda yanzu yake da shagon kayan masarufi da 'ya'ya bakwai, yana ɗan ɗingishi idan sanyi ya shigo. Ranar wasan, Malama ta ba ni igiya ta ce in ɗaure ƙafafun teburan nan biyu-biyu don kada su motsa. Na ɗaure na gaba da na tsakiya. Igiya ta ƙare saura biyu na gefe, aka kuma buga ƙararrawar abinci, ranar shinkafa da nama ce saboda baƙi. Na ja tabarma na rufe, na ce babu abin da zai faru. A tsakanin waɗannan biyun ƙafarsa ta zurma. Lokacin da tsohuwa ta ce in faɗa mata tsakanina da Allah, na san da wannan. Da ta ce baki ne, wani sanyi na ji a raina, don an samu mai ɗaukar kayan da ba ni ba. Kuskuren fassara jahilci ne, wannan na yarda. Shirun da na yi a bayan ɗakin karatu kuwa ba jahilci ba ne.

Ban san inda Malama take ba yanzu, ko tana raye ko ta riga mu. Hausarta ba ta kai ta karanta wannan shafi ba, sai dai ko wani ɗalibinta ko maƙwabcinta ya karanta ya gane ta. Idan Allah Ya sa haka, don Allah a fassara mata da kyau, kada a yi mata irin tawa. A ce mata yaron nan tafintanta ya ce ta yafe masa. Shi kuma abokina, na san yana sayen mujallar nan duk wata. Malam, ga ni nan zuwa shago ranar Asabar bayan la'asar, ka tanadi duk abin da za ka faɗa mini.